Rigar Kujerar Zuwaira

Tun da yayan Rashida ya aiko wa jaririyarta Zuwaira kujerar mota, ba a taɓa ɗora yarinyar a ciki ba ta tsala ihu ba. Rigar kujerar baƙar leda ce, in rana ta buge ta sai ta yi zafi kamar tanda.

Ranar Asabar Rashida ta kwaso ragowar atamfofinta, ta ja mijinta Ubaidullah zuwa shagon Malam Adamu tela a Badarawa don a ɗinka wa kujerar sabuwar riga. Tun a hanya suke musu, ita tana son ruwan hoda mai furanni, shi yana son shuɗi.

"Ku bar mai kujera ta zaɓa mana," in ji Malam Adamu.

Aka shimfiɗa mai furannin, aka kwantar da Zuwaira. Ta yamutsa fuska ta ɓare baki. Ubaidullah ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙo shuɗinsa yana taƙama. Kukan ya ninka. Rashida ta dafa keken ɗinki tana dariya har da hawaye. Aka gwada shadda, aka gwada leshin bikinsu, duk ta ƙi. Yaran shagon suka ajiye almakashi, kowa na kawo nasa ƙyallen.

Can yarinyar ta yi tumbuɗi. Tsumman gogewa ya ƙare, sai Ubaidullah ya ruga mota ya ɗauko tsohuwar rigar ƙwallonsa, wata koɗaɗɗiya ruwan ɗorawa mai lamba tara a baya. Ya goge mata baki, ya cusa rigar a gefenta. Zuwaira ta damƙe ta, ta tura hanci ciki, ta yi ajiyar zuciya. Kafin a ankara barci ya kwashe ta.

"Baban Zuwaira, ni na ɗauki cikin nan, amma warin zufarka ta zaɓa?" Rashida ta faɗa cikin raɗa.

"Ƙamshi dai," ya ce, yana toshe baki kada dariya ta tashe ta.

Da ƙyar aka zare rigar daga hannunta. Malam Adamu ya farke ta, ya sa soso mai laushi a ciki, ya fitar da kafofin bel, lambar ta zauna daidai bayan jaririyar.

Washegari suka tafi gaida kakar Zuwaira a Rigachikun. Har suka isa jaririyar ba ta motsa ba. Tsohuwar ta leƙa motar, ta ƙura wa kujerar ido, ta tambaya ko atamfa ta ƙare ne a Kaduna.