Gumur Ya Shanya Dankali

Gumur mijin ƙanwata Tanalher ne, kuma ban taɓa ganin mai girman kai a kan babu irinsa ba. Tun da raƙumansa suka mutu yake zaune a ƙauyenmu na kan dutsen Bagzan yana dafa shayi, yana ba mutane labarin ayarin gishirin Bilma. Noma kuwa, wai ba aikin 'ya'yan manya ba ne.

Da sanyi ya shigo, Tanalher ta gaji. Ta ce masa, "Ga lambun babana, ga rijiya. Ko ka fitar mana da dankalin turawa bana, ko in tuge bukkata in koma wurin innata." Bukkar tata ce, da ita ta zo aure.

Ya shuka yana ƙunƙuni. Ƙasar tsohonmu ta rufa masa asiri, dankali ya yi 'ya'ya manya.

Ran da ya tone, na tarar ya baza shi a kan falalen dutse, rana na dukansa.

Na ce, "Gumur, me nake gani haka?"

"Shanya mana. Ba haka kuke wa albasa ba?"

"Dankali ba albasa ba ne. Kai shi inuwa ka rufe."

Ya ƙara jan rawani kan hanci. "Yaya, ni da na ratsa hamadar Tenere da kaya, ke za ki koya mini ajiya? Je ki ji da awakinki."

Na tafi na ji da awakina. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ran da mai motar Agadas ya zo saye, dankali duk ya yi kore. Ya kankare ɗaya da farce, ya yi tsaki. "Malam, wannan ko jaki ka ba, sai ka biya diyya."

Gumur ya ce 'yan birni ba su san abinci ba. Ya dafa da kansa, ya zauna a ƙofar bukka yana cusawa ta ƙarƙashin rawani. Ɗaci na sa shi hawaye, yana cewa, "Kai, daɗi!" Ni raini ya hana ni ko dariya.

Tanalher ta nufi bukkarta. Ta kwance tabarmi, ta tuge sanduna, muka ɗora wa jakuna.

Da muka kai gangare na waiwaya. Gumur na durƙushe a fili yana kelaya amai a gaban jama'a, ba shi da ko tabarmar da zai ɓuya a bayanta.