Jegon Gimbiya

Jiya ina kwanciya barci ya jefa ni wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Kwana uku ke nan zomanyata Gimbiya ta haihu, 'ya'ya bakwai jajaye jawur, ba gashi ba ido. Shida na tsotso kamar an aiko su. Autan ne kullum a gefe, cikinsa a shafe. Matata Delu ta ce, "Malam, wannan ba mai zama ba ne." Na ce zai zauna.

Sai ga ni da rana tsaka a wani gari, ɗauke da kejin Gimbiya a ka. Ruwan sama ake yi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama. Kowa ya kifa lemarsa yana tafe a cikinta. Ban yi mamaki ba, na dai ji haushin ban zo da tawa ba.

Sai ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune bayan tebur yana cin fayil a nutse.

"Wace ce mai jegon?"

"Ga ta nan, ranka ya daɗe."

"Tsakaninku wa ya rame?"

"Ni."

"To kai ne mai jego." Ya buga min hatimi a goshi, ya cinye hatimin.

Ban ankara ba ina kan tabarma da ɗaurin ƙirji, an dire min ƙwaryar kunun kanwa. Wallahi na sha, kuma ya yi daɗi. 'Yan barka suka cika gida maƙil, kowace tana tashin humra da turaren wuta. A gabansu surukata Inna Tabawa, ta miƙo hannu biyu.

"Miƙo min jinjirin in sa masa albarka."

A ina aka taɓa hana 'yar barka ɗaukar jariri, balle suruka? Amma ni na san halin Gimbiya. In ta ji baƙon ƙamshi a jikin ɗanta, ta bar shi ke nan. Ni kaina sai na cuɗa hannuna da ciyawar shimfiɗarta nake taɓa su.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki sa albarkar daga nan."

Mata suka ɗauki salati. Bunsuru ya leƙo ta taga ya ce zai rubuta, ya rubuta, ya cinye.

Ana cikin haka ruwa ya ɓarke daga ƙarƙashin kejin. Shidan nan ƙosassu ko gezau. Auta kuwa, da ba nauyin komai, ruwa ya ɗaga shi ya yi sama da shi kamar ɓawon gyaɗa. Inna ta zabura za ta cafke shi. Na daka tsawa, "Kar ki taɓa!" Ni da ko ido ba na haɗawa da ita!

Na damƙo ciyawar da gashin da Gimbiya ta tsige daga ƙirjinta, na murje hannuwana, na taka ɗigon ruwa ɗaya bayan ɗaya kamar matakala. Daidai saman mangwaro na kamo shi. Sanyi ƙalau. Na sauko da shi a tafin hannu na ajiye gaban Gimbiya.

Ta shinshina shi tun daga kai har gindi.

"Hannun wa?" in ji Gimbiya.

"Nawa."

"Warin gida yake."

Ta tsaya a kansa, ya kama nono. Ina ji yana ƙara nauyi har ruwan ya haƙura ya kewaye shi. Na gyara ɗaurin ƙirjina na dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin kaina ya fasu irin haka ba.

Ƙarar kankarar tukunya ta tashe ni. Delu ce a tsakar gida. Na fita ba takalmi, na cuɗa hannu da ciyawa, na ɗaga gashin a hankali. Bakwai. Cikin Auta ya yi tim, har farin nono ake gani ta fatarsa.

Na ce, "Delu, zo ki gani!"

Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa hannu.

Na riƙe hannun. "Daga nan," na ce.