Jan Fenti a Hanyar Rufta

Sau uku Deli Kwada yana shafa wa hanyar nan fenti, sau uku kuma tana tashi ta bar inda ya ajiye ta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raka baƙi a ƙafa tsakanin Mogode da Rufta, mutanen da ke barin lafiyayyar mota a gindin tudu su nemi wanda zai gajiyar da su. Bai taɓa gane wannan sha'awa ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Shi dai ya saɓa jaka ya shige gaba, a hau tudu a sauka, a sake hawa wani. Tuddanmu ba su da wani tsayi, rashin ƙarewarsu ne ke cin mutum. Yanzu gwiwoyinsa sun ce a kai kasuwa. Ta hagu takan kumbura ta yi kamar malmalar tuwo, da safe sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Shi ya sa da wata ƙungiya daga Mokolo ta zo da zancen sa wa hanyar alama, Deli ya riga kowa amsawa. Sharaɗin a fili yake. Zai ɗiga jan fenti a kan duwatsu tun daga bakin kasuwar Mogode har Rufta, yadda baƙo zai bi shi kaɗai ba sai ya tambayi kowa ba. In hanyar ta yi, za a kafa masa rumfa da kujera a mafarinta, ya zauna yana tarbar baƙi yana nuna musu ɗigon farko. Kujerar nan ita ce kaɗai abin da ya rage yake so a duniya.

Abin da 'yan Mokolo ba su sani ba, shi kuma ya sani sarai amma kwaɗayin hutu ya mantar da shi, a wajenmu dutse ba ya zaman banza. Gonakinmu a jikin tudu suke, katangun dutse ne ke riƙe ƙasar, kuma duk ruwan da aka yi sai wata ta ɓalle. Dutsen da ke kwance a hanya na wanda ya fara sunkuyawa ne. Wanda ya tsallake shi alhali katangarsa na zubar da ƙasa, har 'ya'yansa za a yi wa gori. A tudu na farko da na biyu akwai manyan duwatsun da ba sa ɗaguwa, nan fentin ya zauna lafiya. Daga na uku zuwa gaba kuwa ciyawa ce da dawa, sai Deli ya riƙa tattaro duwatsu daidai ɗauka, yana jerawa yana shafa musu ja. Wato ya zaɓo wa mutane masu kyau ya kawo musu har bakin gona.

Bayan shafawa ta uku ya bi gida gida yana roƙo. Kowa ya ce, "Haba Deli, wa zai ɓata maka alama?" Kwana biyu da yin haka aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, washegari kuma sai ga mai duba aikin ta iso.

Madam Ngono sunanta, 'yar kudu ce, gajera, da ƙaton takalmi da ɗan littafi a aljihu. Tun a bakin kasuwa ta kafa masa doka.

"Baba Deli, yau ni ce a gaba. Kai dai bi ni. Ko rami ka ga zan faɗa, kada ka yi ko tari."

"To, Madam."

Tudu biyu suka wuce sumul. Tana ganin ja tana gyaɗa kai tana rubutu, shi kuma yana bayanta yana jin kowane taku har cikin haƙoransa. Saukowa ta fi hawa azaba, amma bai bari sandarsa ta yi ƙara ba.

A bayan tudu na uku hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce ta Rufta, kuma nan ya jera duwatsu tara da hannunsa. Ko ɗaya babu, sai gurbinsu a cikin laka. Madam ta tsaya tana waige-waige, can ta hango ja a hagu, ɗigo bayan ɗigo, a jere a jikin wata sabuwar katanga, daidai tsayin gwiwa.

"Kai, wannan dabara ta yi kyau," ta ce. "A nan ciyawa ba za ta rufe su ba."

Deli ya bi bayanta. Ya san katangar, ya san mai ita. Suka kutsa cikin dawa, suka hau wani gangaren da ba ya cikin aikin yau, ja yana jan su daga wannan katanga zuwa waccan, ya bi ta garken awaki, ya ƙare a ƙofar wani gida. A dokin ƙofar Kuve na zaune tana ɓarar gujiya. Matar yayan Deli ce, marigayi Tizhe, kuma bakinta bai tsufa ba ko kaɗan.

"A'a! Yau wace rana?" ta ce. "Mijina ƙarami da kansa? Shekara biyu ba ka tako gidan nan ba, sai da duwatsu suka jawo ka."

"Kuve, kin kashe ni," ya ce ƙasa-ƙasa da yarenmu. "Duwatsuna ne waɗancan."

"Naka? Kai ka haife su?"

"Da bakina na roƙe ki, ranar kasuwa."

"Cewa ka yi kada a ɓata alama. To duba da kyau, tsoho, ko ɗaya na juya ciki? Duk waje na fuskantar da jan, don mutanenka su gani. A ƙasa awaki ke taka su. Na ɗaga maka su, na jera, ko sannu babu." Ta watsa ɓawon gujiya gefe. "Ƙasar yayanka na gangarawa kwari, ni in zauna ina kallon kwalliya?"

Ba ta ga laifinta ba, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne shi ma bai gani ba. Da katangarsa ce ta ɓalle, da haka zai yi.

Madam ta tambayi abin da tsohuwar ke faɗi. Ya yi tunanin ya ce gaisuwa ce kawai, amma ƙarya ma tana son ƙarfi, shi kuwa ba shi da sauransa. Ya fassara mata duka. Matar nan ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi tana share ido. Kuve ta kawo farar giya a ƙwarya, don ba a shiga gida a fita da busasshen baki, ta miƙa wa baƙuwa, sannan ta dubi Deli.

"Kai ma sha, ko fuskar taka ta saki. Kamar wanda aka aiko karɓar gawa."

Da suka fito Madam ta mayar da littafinta aljihu. "To Baba, na janye dokar. Wuce gaba."

Ya wuce. Akwai abin da duk mai rakiya ya koya tun yana saurayi: ba a ɗingishi a gaban baƙo, ba a haki, ba a fara neman inuwa. In baƙo ya ga ka gaji, tsoro ke kama shi. Shekara talatin da ɗaya sun sa wannan ya zama masa jiki, don haka Deli ya miƙe ƙafar hagu ya taka ta kamar ta aro. Ya kauce da Madam daga inda laka ke haɗiye takalmi, ya nuna mata dutsen da ake takawa a tsallake rafi, ya gaisa da kowane manomi da sunansa. Ko'ina suka bi jan fentinsa na leƙo su daga katangun mutane, wani a gabas wani a yamma, kowane an fuskantar da shi waje saboda mutunci. Tudu huɗu suka ƙara. Bai tsaya ba sai in ita ta tsaya.

La'asar ta yi suka shiga Rufta, inda motar ƙungiya ke jiranta a gindin ɓaure. Ta zube a kan saiwa tana fifita da hula, fuskarta cike da murna.

"Baba Deli, na ga abin da na zo gani. Fenti ba zai yi a nan ba, ko shekara goma za a yi ana shafawa. Wannan hanya a kanka take. Zan rubuta cewa kada a bar kowa ya bi ta sai da kai." Ta ɗaga yatsa. "Kuma ga albishir. Mutum goma sha huɗu na zuwa a watan Disamba, tafiyar kwana biyar. Naka ne."

Deli ya gyara riƙon sandarsa.

"To, Madam... zancen rumfar fa? Da kujerar?"

"Kujera?" Ta sake fashewa da dariya. "Haba Baba! Kai da ka bar ni ina haki a baya kamar tsohuwar akuya? Ai zama sai ya kashe ka. Gara mu ba wa wani gajiyayye."

Ya buɗe baki zai faɗa mata zancen gwiwar, sai ya ga direba na kallonsa, ga mutanen Rufta a tsaitsaye, ga baƙuwa tana miƙo masa hannu.

"Na gode, Madam," ya ce.

Ya tsaya a miƙe yana ɗaga wa motar hannu har ta sha kwana. Sannan ya zauna a ƙasa, ya naɗe wandonsa a hankali, don gwiwar ta cika shi har ba ya son wucewa. Tudu bakwai ne tsakaninsa da gida.