Hutun Idon Auta

Ni dai walda na yi tun gemuna bai fito ba, kuma duk ƙofar ƙarfen da ka gani a layinmu aikin hannuna ce. Katanga ta taɓa faɗo mini na tashi na karkaɗe riga. Wutar lantarki ta ja ni, ta gaji ta sake ni. Ido ne kawai bai raka ni tsufa ba: na hagu ya tafi, na dama sai dishi-dishi.

Yanzu a gidan autata nake zaune. Sana'arta buga wa mutane takardu a kwamfuta, a ɗakin da ke kallon titi. Kwanakin baya idanunta suka yi jawur, ga hawaye, ga kai yana sara. Likita ya ce ta riƙa ɗauke kai daga gilashin nan lokaci-lokaci tana kallon nesa, in ba haka ba aikin zai gagare ta. Ta saita ƙararrawa a waya. Da ta yi ƙara sai ta kashe ta da hannun hagu, na dama yana ta bugu.

Sai na karɓi aikin. Na ja kujera gindin taga. Duk sanda na ji bas ta ja birki a kwana sai in ce, "Auta, wa ya sauka?" Ta taso ta leƙa, ta faɗa mini. Ido ya huta.

Ba a jima ba ta koyi wayo.

"Wa ya sauka?"

"Wata mata ce da buhu."

Yatsunta ko tsayawa ba su yi ba. Makanta nake yi, ba kurumta ba.

"Matar nan ta sauka ɗazu, ta sauka jiya. Ita ba ta da gida ne?"

"Baba, don Allah ka bar ni. Mai takardun nan yana hanya. Wallahi na gaji."

"Ni ma na gaji, 'yar nan."

Da na ji wata bas ɗin, na laluba sandata na fita. Rabona da titi ni kaɗai tun da idon ya lalace. Ina bin bango, babura suna gilmawa ta gefen kunnena, sai na ji an buɗe taga da ƙarfi.

"Baba, akwai kwata a gabanka. Ka bi dama. Dama na ce."

Har na kai kwana na juyo, muryarta tana bina, bugun ya tsaya cak.

Ta yi faɗa, ta ɓoye sandar, na ɗauki tsintsiyar mopa. Yanzu haka muke yi kullum: bas ta tsaya, in tashi, ita ma ta tashi ta tsaya a taga tana mita. Gwiwoyina kafin la'asar kamar ba nawa ba, kuma bas ɗin layin nan ba sa ƙarewa. Jiya mijinta ya ce jan idon ya ragu. Na ce to, ya miƙo mini man zafi.