Maganin Kaskar Malam Kamaluddeen

Zamanin kaska ya ƙare a Afirka ta Yamma ranar da Malam Kamaluddeen ya murɗe murfin jarkarsa ta farko a Birnin Kudu. Abin da ya rage kawai shi ne Abuja ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira, wadda za ta hana kowa haɗa irin maganin sai da izininsa. Lauyansa ya ja masa kunne cewa kafin a shigar da takardu kada ya kuskura ya faɗa wa kowa abin da ke ciki, domin abin da jama'a suka riga suka sani ba ya zama ƙirƙira. Malam Kamaluddeen ya tsufa yana koyar da kimiyyar sinadarai ga ɗalibai masu gyangyaɗi, bai taɓa mallakar wani sani da ake tsoron a sace ba. Ya riƙe gargaɗin kamar farilla.

Saura gwaji, shi kuwa ko akuya ba shi da ita. Amma ƙanwarsa Batulu tana aure a Farin Dutse, mijinta Buba kuma yana da shanu.

Ya iso da hantsi a tsakiyar damina, lokacin da kaska ke cin kasuwarta. Buba ya shimfiɗa masa tabarma, sannan ya koma gefe ya tsuguna, kai a sunkuye. Tun da ya auri Batulu bai taɓa cin abinci a gaban yayanta ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Ga shi kuma 'yarsa Nasiha tana karatun aikin jinya a Birnin Kudu, a gidan wannan kawun take ci take kwana.

Da suka shiga garke, baƙon ya wuce duk ramammu ya tsaya a gaban wata fara sol mai dogon ƙaho.

"Wannan za ta yi kyau a hoto."

Sunan saniyar Kyauta. Ita ce 'yar karsanar da Buba ya ba Nasiha ranar sunanta. A gidansu saniyar suna ba ta uba ba ce, ajiya ce a hannunsa har yarinya ta tashi. Kalma ɗaya yake bukata, amma tsakanin mutum da yayan matarsa babu "a'a". Sai ya zagaya.

"Yaya, ciki gare ta fa, ya tsufa."

"Madalla! Gwaji biyu ke nan a jiki ɗaya."

"Ga wancan bijimin, kaska ta fi yawa a jikinsa."

"Malam Buba, kai dai kawo bokiti."

Buba ya kawo bokiti. Shi ya riƙe ƙahon da hannunsa aka wanke ta da wani ruwa mai warin da ya sa ƙudaje suka bar garken. Malam Kamaluddeen ya ɗauki hotuna, ya rungumi jarkarsa, ya koma Birnin Kudu.

Kafin azahar Kyauta ta daina tuƙa. Dalala ta fara zuba daga bakinta kamar igiya, fatarta tana karkarwa, ga zawo. Buba ya wanke ta da ruwa da sabulu, ya hau babur sai Gwaram, yana salati a kowane rami, ya ɗauko Dakta Zulkifli, likitan dabbobi.

Likitan ya buɗa idonta, ya shinshina wuyanta, ya yamutsa fuska.

"Me ke cikin abin?"

"Ban sani ba, Dakta."

"Ka shafa wa saniya mai ciki abin da ba ka sani ba? Ina da allura a jaka. In gubar da nake zato ce, za ta taimaka. In ba ita ba ce, ni zan ƙarasa maka ita. Kira mai maganin."

Buba ya kira. Sai da ya tambayi gajiyar hanya, da iyali, da ruwan sama, kafin ya ce saniyar ta ɗan canja.

"Alamar yana aiki ne," in ji muryar.

"Likita ne yake son ya ji abin da aka haɗa."

"A waya? Malam Buba, ka san mutum nawa ke sauraren waya a ƙasar nan? Bari in tuntuɓi lauya."

Wayar lauya a kashe take. Malam Kamaluddeen ya ce zai zo da kansa, kuma motar haya ba ta tashi sai ta cika. Buba ya yi ta safa da marwa tsakanin garke da bakin hanya. Kyauta ta durƙusa, ta miƙe, ta sake durƙusawa. Duk motar da ta ɓullo sai ya leƙa, ta wuce da buhunan wani. Yana ta juya yadda zai dubi Nasiha in ta zo hutu, domin kafin ta ajiye jaka garke take fara shiga.

La'asar ta yi sanyi sannan baƙon ya sauka. Buba ya sake shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwan sha, suka gaisa tun daga farko, nishin saniyar yana shigowa ta zana.

"Akwai ganyen darbejiya," in ji Malam Kamaluddeen da aka kai shi garke. "Akwai taba. Akwai kuma wani sinadari."

"Malam, sinadarin nake tambaya," in ji Dakta Zulkifli.

"Kai ma'aikacin gwamnati ne. In na faɗa maka na faɗa wa jama'a."

Buba ya buɗe baki, kunya ta mayar da shi ta rufe. Batulu ce ta fito da muciya a hannu, ita da ba surukar kowa ba ce a wurin.

"Yaya, tun kana yaro ka ƙone mana ɗakin Inna da haɗe-haɗenka. Saniyar Nasiha ce fa! Ka faɗa masa, ko ni in je in fasa jarkar a tsakiyar kasuwar Gwaram kowa ya shinshina."

Malam Kamaluddeen ya ja likitan gindin tsamiya. Ya sa shi ya rantse, ya waiga hagu da dama, sannan ya raɗa masa a kunne.

"Maganin feshin wake?" Muryar likitan ta kai har rijiya. "Wanda ake kasawa a faranti ranar kasuwa?"

"Sirrin a ma'auni yake. Kuma ka rantse."

Dakta Zulkifli ya ruga ya yi allurar. Ita ce wadda ke cikin jakarsa tun azahar. Ya sake yin wata. Kyauta ta miƙe wuya a ƙasa, idonta a kan Buba. Ya zaro wuƙa don kada ta tafi mushe, likitan ya riƙe hannunsa.

"Ko ka yanka ba mai ci, Malam Buba. Ko kare kada a ba. A haƙa rami mai zurfi, nesa da rijiya."

Kafin a ja gawar, Malam Kamaluddeen ya tsuguna ya duba kunnuwa, da hantsa, da gindin wutsiya. Ya miƙe da fuskar wanda aka wanke daga zargi.

"Ku shaida, babu kaska ko ɗaya mai rai. Ma'auni kawai za a gyara." Ya juya ga Buba. "Sakamakon gwaji ma sirri ne. Kada Nasiha ta ji, ka san 'yan makaranta da baki."

"To, Yaya. Allah ya sa albarka."

Baƙo ba ya tafiya hannu rabbana. Buba ya sa aka cika masa kwano da man shanu, ya raka shi bakin hanya, ya tsaya har mota ta ɓace.

Da safe ya ɗauki igiyar Kyauta ya wanke ta da toka har warin ya fita. A cikin garken karsana ɗaya ce tasa ta kansa, fara, ƙahonta bai kai na Kyauta ba, amma zai kai. Ya ɗaura mata igiyar. Ya ja da baya kaɗan, ya kira ta da sunan Kyauta a hankali. Ba ta waiga ba. Ya ɗebo kanwa a tafin hannu, ya sake kira.