Hutun Masahudu a Bakin Teku

Nan ma Bawah ya ƙi tsayawa. Wurin farko ya ce iska ta yi yawa, na baya kuma ya taka ƙasa ya ce gishiri ne, mota za ta nutse.

"Kai Bawah, kwana muka zo yi ko gida za mu gina?"

"Yi haƙuri, Alhaji. Babban mutum ba ya sauka ko'ina."

Masahudu ya gyara zama cikin sabon gajeren wando, abin da rabonsa da shi tun yana yaro a Zangon Kumasi. Ya daɗe a Doha yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Bin Mahmud, teku kuwa sai dai ta gilashin bas. Da Bawah direba, abokinsa na ƙuruciya, ya ce kafil ɗinsa, wato ubangidan da yake yi wa aiki, ya ara masa karaban, ɗakin nan mai taya da mota ke ja, su je gaɓar arewa su huta, sai Masahudu ya karɓi sauran hutunsa na bana. Da hutun nan ya yi wa matarsa Fausatu alkawarin zuwa gida.

Da la'asar suka sami farin yashi, ba kowa sai tsuntsaye. Bawah ya ɗauki hoto ya tura, wayarsa ta yi ƙara, ya ce, "Khalas, an gama, nan ne." Suka kwance karaban, suka kafa rumfa. Masahudu ya lura kujerun sun yi wa mutum biyu yawa, amma ya ɗauka wadata ce.

"Bari in samo ƙanƙara," in ji Bawah, ya ja mota ya tafi.

Har rana ta yi ja babu shi. Masahudu ya kira shi a waya.

"Alhaji, kar ka yi fushi. Iyalin kafil sai Juma'a za su zo. In ba mutum a wurin, wasu za su kafa nasu kusa. Kafil ya ce in nemo mai amana."

"Yau Litinin fa."

"Akwai shinkafa a ƙarƙashin gado. Rumfar nan, a riƙa kaɗe mata yashi."

Masahudu ya zauna a kujera mafi girma, ya dubi gwiwoyinsa. Sai ga kiran bidiyo daga Fausatu.

"Maigida, ina wurin da ya fi mu? Nuna mini."

Ya juya wayar ga teku, ya riƙe ta nan don kada ta ga fuskarsa.

"Masha Allah! Ina Bawah, in yi masa godiya?"

"Ya je sayen ƙanƙara," in ji Masahudu, yana laluben tsintsiya da ɗaya hannun.