Tayil a Ɗakin Inna Hajo

Shekarar da rake ya yi kyau a Makarfi, Safiyanu ya rasa abin da zai yi wa mahaifiyarsa sai tayil. Ba atamfa ba, ba tunkiya ba, tayil fari fat mai sheƙi, irin wanda ya gani a wani ofis a Zariya ya tsaya masa a rai. Ya kwaso magina ya kai su garinsu Saulawa, suka farfashe daɓen da Inna Hajo ta shekara arba'in tana takawa, suka shimfiɗa abinsu tun daga ƙuryar ɗaki har baranda. Bangon ma aka shafe shi da siminti. Akwai wani kwarmi a jikinsa kusa da ƙofa, daidai ƙugu, wanda hannun Inna ya ƙwaƙule saboda yawan dafawa in za ta fita alwala. Magina suka tambaya, Safiyanu ya ce a cike shi, yana ɓata kyan bango.

Jama'a kuwa sun sha kallo. Matan unguwa suka riƙa shigowa suna shafa ƙasa da hannu suna sa albarka, kan Safiyanu ya kumbura har hula ta nemi ta yi masa kaɗan. Inna Hajo dai "An gode" kawai ta ce. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa don kunya, sai ta ce "mai rake". Wadda ba ta iya faɗin sunan mutum, ina za ta iya ce masa ya yi kuskure?

Bayan wata huɗu, wani abokin cinikinsa daga Kudan mai suna Ja'afaru ya ce yana so ya yi wa mahaifinsa irin wannan aiki. Safiyanu ya ɗauko shi a babur don ya gani da idonsa, bai ma tsaya yin waya ba. Suka iso ana kiran azahar. Ya ajiye baƙon a zaure, ya shige ciki don ya nemar masa iso.

Bai ƙarasa sallama ba ya tsaya cak. Inna Hajo ce a baranda bisa gwiwoyinta, tana rarrafe, tana tura buta a gabanta kaɗan-kaɗan. Ta kai bakin tayil, ta zauna, ta sauke ƙafafunta kan ƙasar tsakar gida, sannan ta miƙe da kyar. Yadda ta yi shi ba gargada ya nuna masa ba yau aka fara ba.

Ƙanwarsa Lantana, wadda ke aure a unguwar kuma take leƙowa kullum, ta fito daga madafa ta gan shi a sandare. Ta ja shi gefe.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Tun faɗuwa ta biyu, Yaya."

"Ta biyu?"

"Ta farko da jiƙaƙƙiyar ƙafa ta shigo bayan alwala, santsi ya kwashe ta. Ta biyu sandarta ce ta zame. Na kai ta asibiti a Ikara, Allah ya sa ba karaya. Malamar asibitin ta ce mu raba ta da santsin nan, a sa mata abin dafawa har banɗaki, ta ce a shekarunta in ƙugu ya karye da wuya ta sake tashi."

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

"Ta sa na yi mata alkawari. Ta ce gari duk ya sa maka albarka, ba da bakinta za a ji an ce aikin bai yi ba." Lantana ta sunkuyar da kai. "Ko ruwa ta rage sha, Yaya, don kada ta yawaita fita."

Kunya ta rufe Safiyanu, irin wadda bai taɓa ji ba tun da yake. Ya tuna sau nawa ya zo gidan nan ya tarar da ita zaune a gado, ya gaishe ta yana kallon ƙasa yana jin daɗin sheƙin, bai taɓa tambayar abin da ya hana ta raka shi bakin ƙofa kamar da ba. Hotunan ɗakin ma suna nan a wayarsa, ya nuna wa rabin kasuwa.

Ya koma zaure. Ja'afaru ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce, "To, mu shiga? Ka ba ni lambar maginin ma tun yanzu."

"Ba zan ba ka ba," in ji Safiyanu. "Kada ka yi wa Baba. Tambaye shi inda yake dafawa, ka bar masa wurin."

Ya aro guduma a maƙwabta. Bai jira magini ba. Ja'afaru ya tuɓe babbar riga ya kama masa kwasar ɓaraguzai, Inna kuwa tana zaune a inuwar darbejiya ta juya musu baya. Sau ɗaya ta yi magana, da Lantana ma take yi: "Ki ce wa mai rake ya bari haka, mutane za su yi surutu." Ya ji, ya ci gaba da duka. Matan da suka sa albarka suka taru a ƙofar gida suna leƙe, bai ɗaga kai ya dube su ba.

Kafin la'asar ta yi sanyi ya buɗe hanya daga baranda har bakin gado, ya share, ya daddaɓe ƙasar da ƙafa. Lantana ta miƙa wa Inna sandarta. Ta tako a tsaye, a hankali, sandar tana kama ƙasa. Da ta zo bakin ƙofa, hannunta na hagu ya tafi da kansa wurin kwarmin nan, ya shafi siminti sumul, ya sake lalubawa.

Safiyanu ya durƙusa a gindin bangon, ya sa kafaɗarsa daidai wurin. Inna Hajo ta ɗan tsaya. Rabonta da taɓa shi a gaban mutane tun yana goye. Ta kau da kai gefe, ta dafa shi, ta shiga ɗakinta.